Victor Wembanyama: Magajin manyan gwanayen ƙwallon kwando ne, ko an yi gaggawar yabonsa?

A daren Laraba 22 ga Oktoban 2025, wato wayewar garin Alhamis a agogon Najeriya da Nijar, Victor Wembanyama ya koma fili bayan wata takwas bai buga wasan gasa ba. Ya ci maki 40, ya cafke ƙwallaye 15 da suka dawo daga kwando, ƙungiyarsa ta San Antonio Spurs kuma ta lallasa Dallas Mavericks da ci 125 da 92 har gida. Cikin jifa 21 da ya yi, 15 sun shiga.

Kafin a tashi daga wasan, tsohuwar gardamar da ake yi a kansa ta sake tashi. Wani ɓangare na masoya gasar NBA ta Amurka na cewa magana ta ƙare, wannan matashi ɗan shekara 21 zai mallaki wasan na tsawon shekara goma ko fiye. Ɗaya ɓangaren na cewa a bi a hankali, an taɓa ganin dogaye irinsa da suka fara da kyau, jikinsu ya ci amanarsu tun ba a je ko'ina ba.

Masu yabo na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Masu taka-tsantsan na amsawa da cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Kowane ɓangare yana da hujjojinsa, kuma ya kamata a auna su ɗaya bayan ɗaya.

Wane ne shi?

An haifi Wembanyama ranar 4 ga Janairun 2004 a Le Chesnay, kusa da birnin Paris na Faransa. Mahaifinsa, wanda asalinsa ɗan Kongo ne, tsohon ɗan wasan tsalle-tsalle ne. Mahaifiyarsa ta buga ƙwallon kwando, ta kuma horar da yara. Ya taso a ƙungiyar Nanterre, ya koma ASVEL ta Tony Parker inda ya ci kofin Faransa a 2022, sannan ya yi kaka guda a Metropolitans 92, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan gasar ƙasar yana ɗan shekara 19.

Tsayinsa ya kai kimanin mita 2.24. Idan ya buɗe hannayensa biyu, faɗinsu ya kusa mita biyu da rabi. Amma tsayi kaɗai ba shi ne abin mamakin ba, domin NBA ta ga waɗanda suka fi shi tsawo. Abin da ba a saba gani ba shi ne mutum mai wannan tsayi da ke jan ƙwallo kamar gajere, yana jifa daga nesa, yana kuma juyi cikin sauri.

A Oktoban 2022 ƙungiyarsa ta je jihar Nevada ta buga wasannin gwaji biyu, ya ci maki 37 a na farko, 36 a na biyu. A lokacin ne LeBron James ya kwatanta shi da wata halitta da ta sauko daga wata duniya. Ranar 22 ga Yunin 2023, Spurs ta ɗauke shi a matsayi na ɗaya a zaɓen sabbin 'yan wasa. Tun bayan zuwan LeBron a 2003, ba a yi wa wani sabon shiga irin wannan ɗoki ba.

Hujjar masu yabo

Masu cewa zai zama gagara-badau ba sa rasa alƙaluma. A kakarsa ta farko ya buga wasa 71, yana cin maki 21.4 a kowane wasa, yana cafke ƙwallo 10.6, yana toshe jifan abokan hamayya sau 3.6. Babu wanda ya kai shi toshe jifa a gasar baki ɗaya. Duk masu jefa ƙuri'a sun zaɓe shi gwarzon sabbin 'yan wasa ba tare da saɓani ba. Ya zo na biyu a takarar gwarzon mai tsaron gida, bayan ɗan ƙasarsu Rudy Gobert, ya kuma zama sabon shiga na farko a tarihi da aka sa cikin sahun farko na masu tsaron gida biyar mafi ƙwarewa.

A Fabrairun 2024, a wasansu da Los Angeles Lakers, ya ci maki 27, ya cafke ƙwallo 10, ya ba da ƙwallo 8 da aka ci, ya ƙwace 5, ya toshe 5. Samun aƙalla biyar a kowane ɗaya daga waɗannan fannoni biyar abu ne da 'yan kaɗan suka taɓa yi, kuma shi ne mafi ƙarancin shekaru da ya yi hakan.

A kaka ta biyu ya ƙara gaba: maki 24.3, ƙwallo 11 da ya cafke, toshewa 3.8 a kowane wasa. Ya zuba wa Washington maki 50 a Nuwamban 2024, ya ci 42 a New York ranar Kirsimeti, aka kuma gayyace shi wasan taurari a karon farko.

Sai dai hujja mafi ƙarfi da wannan ɓangare ke da ita ba ta fitowa sosai a alƙaluma. Idan Wembanyama yana tsaye kusa da kwando, 'yan wasan da suka saba kutsawa sukan shigo, su ɗaga kai su gan shi, su juya da ƙwallonsu waje. Jifan da aka fasa saboda tsoro ba a rubuta shi a matsayin toshewa, amma yana sauya tsarin wasan ƙungiya gaba ɗaya. Akasarin manyan taurari sun fi ƙarfi a ɓangare guda, ko dai cin maki ko tsaro. Shi kuma tun yana ɗan shekara 20 ya riga ya shiga sahun gaba a tsaro, cin makinsa kuma yana ƙaruwa kowace shekara.

Hujjar masu taka-tsantsan: jiki

Ranar 20 ga Fabrairun 2025, kwanaki kaɗan bayan wasan taurari, Spurs ta sanar da cewa likitoci sun gano gudan jini a wata jijiya ta kafaɗarsa ta dama. Nan kakarsa ta tsaya, a wasa na 46.

Wannan ba irin targaɗe ko karaya ba ne da ake jira ya warke. Haɗarin gudan jini shi ne ya ɓalle ya bi jijiya ya toshe hanyar jini a huhu. Maganinsa kuma magungunan tsinka jini ne, kuma duk wanda ke shan su ba a bari ya shiga wasan da ake ture-ture da faɗuwa, saboda ƙaramin bugu na iya jawo zubar jini a cikin jiki.

Tarihin gasar yana da misalai biyu da kowane ɓangare ke kafa hujja da ɗaya. Chris Bosh na Miami Heat ya samu gudan jini a huhu a 2015, matsalar ta dawo a 2016, bai sake buga wasa ba, alhali yana ɗan shekara 31. Brandon Ingram kuwa ya samu nasa a hannu a Maris na 2019, aka yi masa tiyata, ya dawo ya shiga wasan taurari a shekarar da ta biyo baya. Inda gudan jinin Wembanyama ya fito ya fi kama da na Ingram, kuma a Yulin 2025 likitoci suka ba shi izinin komawa fili. Wannan ya kwantar da hankalin mutane da yawa. Amma abin da ya kawo ƙarshen wasan Bosh shi ne dawowar matsalar karo na biyu, don haka lokaci ne kaɗai zai rufe wannan babi.

Ko da an ajiye batun jini a gefe, akwai tsohon tsoron da ke bin duk ɗan wasa mai irin wannan tsayi: ƙafa da gwiwa.

Ralph Sampson, wanda tsayinsu ɗaya da Wembanyama, shi ne na ɗaya a zaɓen 1983. Ya zama gwarzon sabbin 'yan wasa, ya shiga wasan taurari sau huɗu a jere, ya kai Houston wasan ƙarshe a 1986 tare da Hakeem Olajuwon. Daga nan gwiwoyinsa suka gaza, bai sake komawa yadda yake ba.

Yao Ming ɗan China, mai tsayin mita 2.29, wasa biyu kacal ya rasa a kakarsa uku ta farko. Bayan haka ƙasusuwan ƙafarsa suka fara tsagewa, ya yi ritaya a 2011 yana ɗan shekara 30. Greg Oden, wanda Portland ta fifita a kan Kevin Durant a 2007, wasa 105 kawai ya buga a duk rayuwarsa ta NBA.

Darasin Sampson da Yao shi ne wanda masu yabo ba sa son ji: lafiyar shekarun farko ba ta tabbatar da komai. Nauyin da ƙafa ke ɗauka a tsalle da sauka, wasa 82 a kowace kaka, yana taruwa ne a hankali.

Masu kare Wembanyama suna da amsa. Yao ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, shi kuwa ya shigo gasar da kimanin kilo 95, kuma masu kula da jikinsa sun ƙi yarda a cika masa tsoka da gaggawa. Tun yana Faransa aka san shi da dogon atisayen miƙe jiki da motsa yatsun ƙafa babu takalmi kafin kowane wasa. Sukan kuma tuna cewa Kareem Abdul-Jabbar, mai mita 2.18, ya buga kaka 20, Dirk Nowitzki ya buga 21. Ke nan tsayi ba hukunci ba ne. Amma gaskiyar magana ita ce babu wanda ya taɓa haɗa tsayin Wembanyama da irin gudu da juyin da yake yi, don haka babu wani tsohon ɗan wasa da za a iya auna ƙarkon jikinsa da shi kai tsaye.

Gardama kan salon wasansa

Akwai wata muhawarar ko a tsakanin masoyansa. A kaka ta biyu yana gwada jifa mai maki uku kusan sau tara a kowane wasa, yana cin kimanin kashi 35 cikin ɗari. Wasu na ganin wannan asara ce: mutumin da zai iya taɓa bakin kwando ba tare da ya yi wani dogon tsalle ba, me ya kai shi tsayawa mita bakwai daga nesa? Duk jifan da ya yi daga can, abokan hamayya sun huta. Sukan ƙara da cewa yana zubar da ƙwallo sama da sau uku a wasa, saboda yawan janta a cikin cunkoso.

Wasu kuma na cewa jifan nesan ne ke tilasta wa dogon mai tsaronsa fitowa waje, hanya ta buɗe wa sauran 'yan ƙungiyar. Kuma yana rage masa dakuwa da ƙarti a ƙarƙashin kwando, abin da zai iya tsawaita rayuwarsa a fili.

Abin da ya yi a hutun 2025 ya nuna shi ma yana tunanin wannan tambaya. Bayan kwanakin da ya yi a gidan ibadar Shaolin da ke China yana horon jiki da natsuwa, ya je jihar Texas ya yi atisaye da Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda har yau ake koyi da takun ƙafarsa a kusa da kwando. A wasan Dallas, akasarin makin Wembanyama daga kusa da tsakiya suka fito. Wasa ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, amma idan wannan salon ya ɗore, masu wancan ƙorafi za su rasa abin faɗa.

Sunan Olajuwon ya kuma ba da ma'auni mai kyau. Shi ne ke riƙe da tarihin toshe jifa a NBA, sau 3,830. Wembanyama ya yi 430 a kakarsa biyu ta farko. Ko da zai riƙa yin 250 a kowace kaka, yana buƙatar kusan kaka 14 nan gaba kafin ya kamo shi. Wannan lissafi ya nuna abin da ake nufi da girma a wannan wasa: ƙwarewa ce da ta daɗe.

Ina nasarorin ƙungiya?

Hujja ta uku ta masu shakka ita ce allon sakamako. A kakarsa ta farko Spurs ta ci wasa 22, aka doke ta sau 60. A ta biyu ta ci 34, aka doke ta 48. A Oktoban 2025, rabonta da shiga wasannin fitar da gwani tun 2019 ne. Zuwa lokacin, Wembanyama bai taɓa buga irin waɗannan wasanni ba, inda ake haɗuwa da ƙungiya guda har sau bakwai, masu horarwa su zauna su tone duk wani rauni da ɗan wasa ke da shi.

Magoya bayan Spurs suna da dalilin rashin haƙuri. David Robinson, wanda aka ɗauka na ɗaya a 1987, da Tim Duncan, na ɗaya a 1997, su ne suka gina ƙungiyar da ta ci kofi biyar: 1999, 2003, 2005, 2007 da 2014. Duncan ya ɗaga kofi a kakarsa ta biyu.

Amma kwatancin bai yi daidai ba. Duncan ya tarar da Robinson da ƙungiya mai ƙwari. Wembanyama ya tarar da ƙungiyar da aka rushe da gangan don a sake gini. Michael Jordan sai a kakarsa ta bakwai ya ci kofin farko, a 1991. LeBron sai a ta tara, a 2012. Olajuwon, wanda aka ɗauka a 1984, sai 1994. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, komai tsawonsa.

A 2025 kam an fara tara masa mataimaka. A Fabrairun 2025 Spurs ta kawo De'Aaron Fox daga Sacramento. Stephon Castle ya zama gwarzon sabbin 'yan wasa na 2025, sannan ƙungiyar ta ɗauki Dylan Harper a matsayi na biyu a zaɓen 2025. A ɗaya gefen kuma ta rasa Gregg Popovich a bakin fili. Kocin da ya ci duk kofuna biyar ɗin ya samu shanyewar ɓarin jiki a Nuwamban 2024, ya sauka a Mayun 2025, Mitch Johnson ya gaje shi. Ga kuma Oklahoma City Thunder, wadda ta ci kofin 2025, cike da matasa, a yanki ɗaya da Spurs. Duk hanyar da Wembanyama zai bi zuwa kofi, da wuya ta kauce musu.

Abin da ke kan faranti

Wannan ba gardamar majalisa ba ce kawai. Akwai kuɗi da suna a ciki.

Tun daga kakar 2023 zuwa 2024, dokar NBA ta ce sai ɗan wasa ya buga aƙalla wasa 65 cikin 82 kafin ya cancanci manyan lambobin yabo. Wannan doka ce ta fitar da Wembanyama daga takarar gwarzon mai tsaron gida a 2025, lambar da kusan kowa ya ɗauka tasa ce kafin rashin lafiyar, aka ba Evan Mobley na Cleveland.

Lambobin kuma suna da alaƙa da albashi. Bazarar 2026 ce lokacin cancantarsa ta sabunta kwantiraginsa. Matashi a matsayinsa na iya samun kashi 25 cikin ɗari na iyakar albashin da aka ƙayyade wa ƙungiya, amma hakan na iya hawa zuwa kashi 30 idan ya ci ɗaya daga cikin manyan lambobin a lokutan da doka ta gindaya. Da yake iyakar albashin ta haura dala miliyan 154 a kakar 2025 zuwa 2026, bambancin ya wuce dala miliyan 7 a shekara guda. Rasa wasa 18 a kaka na iya jawo masa asarar miliyoyi masu yawa.

Ita ma gasar tana da buƙata. LeBron ya haura shekara 40, Stephen Curry da Durant suna dab da ƙarshen tafiya. Tun 2019, duk waɗanda suka zama gwarzon ɗan wasan NBA an haife su ne a wajen Amurka: Giannis Antetokounmpo, ɗan Girka da iyayensa 'yan Najeriya ne, Nikola Jokic ɗan Sabiya, Joel Embiid haifaffen Kamaru, da Shai Gilgeous-Alexander ɗan Kanada. Gasar na neman fuskar da za ta tallata a Turai da Afirka da Asiya, kuma matashi mai jin Faransanci da Turanci, mai jinin Kongo, ya dace da wannan buƙata.

Faransa ma na jira. A wasan ƙarshe na Olympics a Paris, ranar 10 ga Agustan 2024, Amurka ta yi nasara da ci 98 da 87. Wembanyama ya ci maki 26, ya fita yana hawaye, ya kuma ce abokan hamayya ne yake tausaya wa nan da 'yan shekaru. Gasa ta gaba a Los Angeles za a yi ta, a 2028, lokacin yana ɗan shekara 24.

To, wa ke da gaskiya?

Idan aka duba da kyau, ɓangarorin biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Masu yabo suna magana ne kan abin da zai iya yi. A nan gardama ta kusa ƙarewa, domin abin da ya nuna a wasa 117 na kakarsa biyu ta farko ya isa shaida. Masu taka-tsantsan suna magana ne kan tsawon lokacin da zai yi yana yin sa. A nan kuma babu mai iya rantsuwa, har da likitocinsa.

Kuskuren masu yabo shi ne saurin jera shi da Jordan da Kareem, mutanen da kowannensu ya ci kofi shida, alhali zuwa Oktoban 2025 shi bai buga wasan fitar da gwani ko ɗaya ba. Kuskuren masu shakka kuma shi ne ɗaukar abin da ya faru da Yao da Sampson tamkar ƙaddarar kowane dogo, suna mantawa da cewa kula da jikin 'yan wasa ya ci gaba sosai tun wancan zamani.

Mai son sanin inda gaskiya za ta faɗa ba ya buƙatar jira shekara goma kafin ya fara ganin alamu. A farkon kakar 2025 zuwa 2026, abubuwa uku ne abin lura. Na farko, yawan wasannin da zai buga: ya kai 65 ko bai kai ba. Na biyu, inda yake karɓar ƙwallo idan wasa ya yi tsanani a mintunan ƙarshe, kusa da kwando ko can nesa. Na uku, ko Spurs za ta shiga wasannin fitar da gwani a Afrilun 2026, da yadda zai yi idan ƙungiya guda ta shafe mako biyu tana nazarinsa.

Cikin ukun nan, na farko ya fi sauran nauyi. Maki 40 a Dallas sun nuna cewa rashin lafiyar bai rage masa komai ba. A lokacin saura wasa 81 kuma, jikinsa ne zai ba da amsa.